Kwana Ashirin da Takwas

Ruwan farko mai ƙarfi na watan Yuni ya rushe akurkin gidan Mark a unguwar Lokuwa. Gari ya waye bango ɗaya a kwance, ƙwai duk ya farfashe a ƙarƙashin laka, kaji biyar suna tsaye a kan tulin a jiƙe. Kajin Salome ne, yayar mahaifin Mark, wadda ta raine shi tun uwarsa ta rasu ta bar shi yana rarrafe. A kwando ta zo da su daga ƙauyensu Duvu shekarar da ya ɗauko ta. Ban da su, sai gadon ƙarfe ɗaya da ɗan ɗakin da ke ƙarshen gidan. Abin da ta mallaka a Mubi ke nan.

Mark akawu ne a wani ofishin gwamnatin jihar Gongola. Shekarar ta zo da tsanani, sabulu ma sai an bi layi, kowane ma'aikaci yana neman abin da zai jingina da albashi. Shi zabi ya zaɓa. An gaya masa idan aka ƙyanƙyashe su da damina, kafin Kirsimeti sun isa a kai Yola. Zabuwa ba ta zama a kan ƙwanta yadda ya kamata, don haka kaza ake sa wa. Kajin tsohuwar kuwa duka biyar suna cikin kwanci.

Ranar Asabar Bobboi, wani Bafulatani mai tara ƙwan zabi a ƙauyukan Maiha, ya jingine kekensa a ƙofar gida, ya sauke ƙwarya biyu cike da ƙwai a cikin ƙaiƙayi. Mark ya kira tsohuwar tsakar gida.

"Goggo, ɗakinki ne kaɗai mai duhu da ƙofa mai kyau. Muzuru ba zai shiga ba. Kwana ashirin da ɗaya ne, kafin nan na ta da akurki."

"Na kaza ne ashirin da ɗaya," in ji Salome. "Na zabo ashirin da takwas."

Bobboi ya yi dariya. "Gaya masa, Goggo. Shi takarda ya sani."

"To, ashirin da takwas," Mark ya ce, bai yi dariya ba. "Sati ɗaya ne ya ƙaru."

"Ni kuma a ina?"

"A gadonki mana. Ke a sama, su a ƙasa. Ba kajinki ba ne?"

Ta yarda. Ita da kanta ta yi aikin, don babu wanda ya iya a gidan. Ta nemo fasassun tukwane biyar, ta zuba yashi, ta bi da toka, ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Ta ɗaga ƙwan ɗaya bayan ɗaya a rana, ta dunƙule hannu a kansa tana leƙawa, ta ware waɗanda ba za su yi ba. Kowace kaza ta sa mata goma sha biyu. Tukunya biyu suka shiga ƙarƙashin gado, uku suka jeru a jikin bango. Sannan ta ɗauki ƙaramin ƙoƙo ta jefa ƙwayar masara ɗaya a ciki. Kowace safiya za ta ƙara ɗaya.

A kwana na goma ƙwarƙwatar kaji ta fito. Abu ne ƙanana kamar garin barkono, suna hawa ƙafar gado, suna shiga zane, suna shiga gashi. Salome ta soshe wuyanta da damtsenta har fata ta yi jini. Ga warin kashin kaza mai kwanci, wanda ya fi na kowace kaza ɗoyi, ga ƙurar gashi. Tsohon tarinta ya tashi.

A kwana na goma sha biyu wata jar kaza a cikinsu ta tashi daga kan ƙwanta, ta fita tsakar gida tana tono, ta ƙi komawa. Mark ya dawo daga ofis ya taɓa ƙwan ya ji sanyi ƙalau. Ya tsaya a ƙofar ɗakin, hularsa ta babur tana hannunsa.

"Tarin nan naki ne, Goggo. Tun asuba kina kaf-kaf-kaf. Wace kaza za ta zauna?"

"Ba tari ba ne. Ƙwarƙwata ne ya ci shi. A ƙara toka, zai koma."

Margret, matar Mark, tana tsane shinkafa a bakin rijiya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mama, yanzu kin fi malaman gona sani ke nan? An ba shi littafi fa."

"Littafi ya ce shiru suke so," in ji Mark. "Ki koma rumfar girki. Kwana goma sha shida ne kawai."

Salome ta dube shi. "Ka fitar da su dai. Ka kai su rumfa. Ni mutum ne."

"Haba Goggo. Ke kika koya mini ina yaro. Ba a ta da kaza mai kwanci. Idan aka sauya mata wuri, shi ke nan, ta bar ƙwan."

Gaskiya ne ita ta koya masa. Ta koma rumfar.

Gadon bai fito ba, tunda akwai tukunya biyu a ƙarƙashinsa. Tabarma aka ba ta da bargo ɗaya. Rumfar girkin langa-langa ce a kan itace huɗu, gefe uku zana, gefen gabas a buɗe, ta inda ruwan Mubi yake zuwa. Ta shimfiɗa tabarmar a lungun murhu, inda ƙasa take bushe, ta ajiye ƙoƙon masararta a gefen kai.

Aikin kajin bai bar hannunta ba. Kowace safiya Mark yana buɗe kwaɗon ɗakin kafin ya tafi ofis, ita ta shiga ta ɗaga kajin su ci dusa su sha ruwa, ta share kashi, ta mayar da su, Margret ta rufe. Kullum tana ganin gadonta, katifar a naɗe, gashin kaji a kai.

Katangar da ke tsakaninsu da gidan Kaumi, ɗan kasuwar Barno mai sayar da busasshen kifi, gajeriya ce. Matarsa Zenaba takan hau turmi ta leƙo. A rana ta uku ta ga tabarmar.

"Lale, Goggo. Yau kuma ke ce mai gadin tukunya?"

"Kaji sun karɓi ɗaki."

"Sun biya haya?"

Salome ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Zenaba ta daina wasa. Ta ɗaga murya yadda Margret za ta ji.

"Maman yara! Ɗakin yaranki fa? Ba wurin tabarma ɗaya?"

Margret ta fito tana goge hannu. "Da wannan tarin? Ki je ki ga kuɗin asibiti idan ya kama su."

"Falo fa?"

"Falo na baƙi ne. Ogan mijina yana zuwa. Ya zo ya ga tabarma da gwangwanin tofa yawu? Kuma kwana nawa ne duka? Ke dai, Zenaba, ki ji da kifinki."

Safiyar da masara ta cika ashirin da takwas a ƙoƙo, Salome ta shiga ta tarar da 'yan zabi suna leƙowa ta ƙarƙashin fukafukan kajin, ƙanana masu zane a baya, ƙafa ja. Arba'in da ɗaya suka fito. Ta ji daɗi, ba za a ce ba ta ji ba. Ta fito ta naɗe tabarmarta, ta ninke bargo, ta ɗaure su da igiya, ta zauna a kan ƙunshin tana jiran Mark ya dawo.

Ya dawo da la'asar. A bayansa Bobboi ne, da kekensa, da ƙwarya biyu.

Mark ya shiga ɗakin da kwali, ya kwashe 'yan zabin duka daga ƙarƙashin kajin. Kajin suka yi ta kuka suna saran hannunsa. Kafin su tashi ya jera musu sabon ƙwai, ya danna su a kai. Har jar kazar da ta gudu, ya sami wata a madadinta. Ya fito ya rufe ƙofa.

Salome ta miƙe. "Mark. Me ka yi?"

"Dabara ce, Goggo. Muddin ba ta yi yawo da 'ya'ya ba, kaza ba ta san ta gama ba. Za ta ci gaba da zama. Damina ce kawai zabi suke ƙwai, idan na bari ta wuce sai baɗi."

"Kaza ba ya kwanci biyu a jere. Zai mutu."

Bobboi ya sosa ƙeya. "Wasu suna yi. Amma sau ɗaya, kuma kaza mai ƙiba." Ya kalli ƙunshin tabarmar, ya kalli rumfar, ya ja kekensa ya fita ba tare da ya sha ruwa ba.

"Akurki fa?" in ji Salome.

"Wa yake gini da damina? Laka ba za ta bushe ba. Ki ƙara haƙuri. Wannan ne na ƙarshe."

Akwai ƙwai bakwai da ba su fashe ba. Margret ta kwashe su a faranti za ta kai bola, tana toshe hanci. Da ta zo wucewa ta gaban rumfar ta ce, kamar da kanta take magana, "Kowane gurbi da baragurbinsa. Bai ƙyanƙyashe ba, bai kuma bar wurin ba." Salome ba ta taɓa haihuwa ba. Ta ji, ta kuma gane. Ta kwance igiyar, ta shimfiɗa tabarmar, ta juye masarar a hannu, ta mayar da ƙwaya ɗaya cikin ƙoƙo.

'Yan zabin da aka raba da kaji suna bukatar ɗumi, in ba haka ba sanyi ya kashe su a kwana ɗaya. Wuri mafi ɗumi a gidan shi ne lungun murhu. Nan Mark ya ajiye kwalin. Tabarmar Salome ta matsa taku uku zuwa gabas, bakin rumfa. Ciyar da su ma ya faɗo kanta. Ɗan zabo sai da gara. Kowace hantsi takan ɗauki tsohuwar tukunya da fartanya ta bi hanyar mayo, wato rafi, ta fasa suri, ta dawo da gara a ka. Idan ruwa ya sauko da rana, feshi yana shigowa har rabin tabarmar. Takan ja bargon ta rufe kwalin, ita ta zauna a tsugune a jikin zana har ya ɗauke.

Kajin suka fara ƙarewa. Kaza mai kwanci ba ta cin kirki, jikinta take ci. Tsohuwar baƙar kazar, wadda ita ce uwar sauran, tukkunta ya yi fari, idonta ya faɗa. Salome ta roƙa a ɗaga ta ita kaɗai.

"Baƙin nan ya tsufa. Ka bar mini shi ya huta. Ka raba ƙwansa wa sauran."

"Saura kwana tara," in ji Mark yana ɗaure takalmi. "Ta yi sha tara, tara ne zai gagare ta?"

Bayan kwana biyu Salome ta shiga da dusa ta same ta a kan ƙwan, fukafukai a buɗe yadda ta saba, kai a ƙasa. Ta ɗaga ta, ta sandare. Ƙwan na ƙarƙashinta da sauran ɗumi.

Mark ya zo da gudu, ba kazar ya duba ba. Ya raba ƙwan ga sauran huɗun, sannan ya ce, "Dama ta tsufa. Margret, a jefar." Salome ba ta bari an jefar ba. Ta haƙa rami a bayan rumfa da fartanyar gararta, tana haƙa tana tsayawa ta yi tari.

Zenaba tana kan turmi tana kallo. Da tsohuwar ta gama ta ce, a hankali, "Goggo, ke fa kin san maganin abin nan. Bokiti ɗaya na ruwan rijiya. Ki tsoma su ɗaya-ɗaya har wuya. Kwanci ya sake su, su watse, ƙwai ya yi sanyi. Mark ya dawo ya tarar ba abin tsarewa. Sai ya ba ki ɗakinki."

Salome ta sani. Haka ake yi wa kazar da ba a so ta yi kwanci, tun tana yarinya take yi. Kwana biyar tana juya maganar. A rana ta ashirin da shida, Mark yana ofis, Margret ta bar kwaɗon a buɗe ta tafi niƙa, Salome ta ja ruwa, ta kinkimi bokitin da ƙyar ta shiga ɗakin.

Ta ajiye shi a gaban wake-waken kazar. Ta sa hannu ta ɗaga ta. Ba nauyi, kamar busasshiyar ƙwarya, ƙashin ƙirjinta kamar bakin wuƙa. Ta kai ta bakin bokitin. Sai ta ji ƙara daga cikin tukunyar, siririya, tsiyau, tsiyau. Ta sunkuya. Ƙwai ɗaya ya tsage, ɗan baki ja yana bugun ɓawon daga ciki. Na kusa da shi yana motsi. Ta kara kunne, duk tukunyar magana take yi.

Ta daɗe a tsugune, kazar a hannunta, ruwan a gabanta. Sannan ta mayar da ita kan ƙwan, ta gyara mata fukafuki. Ta fito da bokitin ta zuba wa gwanda.

"To?" in ji Zenaba.

"Suna kuka a ciki."

"Ke ma kina kuka a waje. Wa ya kara kunne?"

Salome ta koma tabarmarta.

Kwanci na biyu ya ba da talatin da takwas. A cikin kajin Salome biyu ne suka tashi da ƙafarsu, su ma suna tangaɗi. Wannan karon ba ta naɗe tabarma ba. Ta zauna tana kallon ƙofar gida. Da yamma Mark ya shigo da kwando a bayan babur, kaji shida masu kwanci da ya tattaro daga abokan aiki da kasuwa. Ƙwan ma shi ya ɗauko da kansa, don Bobboi ya ce a zo a karɓa a Maiha, shi ba zai kawo ba.

"Ka ce na ƙarshe ne."

"Goggo, Agusta ne. Ƙwan zabi yana ƙarewa a Satumba. Ko ina so ba zan ƙara ba."

"Waɗannan ma ba kajina ba ne."

"Shi ya sa ba ruwanki da su. Margret za ta riƙa duba su. Ke ki huta."

Hutun shi ne daga ranar ba ta ƙara taka ɗakin ba. Kwali na biyu ya shiga lungun murhu. Tabarmar ta ƙara matsawa, har gefenta yana taɓa inda ruwan langa-langa yake zuba.

Marka ta kama. Kwana uku, huɗu, rana ba ta fitowa. Ƙasar rumfar ta jiƙe ta yi laushi, tabarmar ta fara baƙi daga ƙasa, bargon bai ƙara bushewa ba. Salome ta daina zuwa neman gara. Sannan ta daina tashi. Numfashinta ya koma gajere, idan ta ja sai ta dafe haƙarƙarin dama. Margret tana girki a taku biyu da ita, tana tsallake ƙafafunta idan za ta ɗauki itace. Ta ba ta ƙwayar zazzaɓi biyu da ruwan zafi.

"A kai ta asibiti mana," in ji Zenaba ta kan katanga.

"Sanyi ne kawai," in ji Margret. "Tsofaffi duk haka suke da marka."

Zenaba ta zagayo da kanta da kwanon kunu, ta durƙusa ta ba ta a baki. Da Mark ya dawo ta tare shi a zaure.

"Baban yara, muna da ɗakin da muke ajiye kifi. Na kwashe, na share. Ka ba ni ita har ruwa ya ɗauke."

Fuskar Mark ta canza. "Goggona ta kwana a gidan wani, ina raye, ina da gida? Me za a ce a coci? Me za a ce a Duvu? Ni ban yar da ita ba. Kullum tana ci, tana sha." Kafin dare ya yi ya sami Kaumi a shago ya ce ya ja wa matarsa kunne. Kaumi mutum ne mai gudun rigima da maƙwabci. Aka ɗauke turmin daga jikin katanga.

Zenaba ba ta haƙura ba. A famfon unguwa ta sami Liyatu, shugabar zumuntar mata ta cocin su Mark, ta gaya mata abin da ta gani. Liyatu ba ta gaskata duka ba, amma ta aika wa Margret cewa ranar Laraba da ƙarfe huɗu mata za su zo gaishe da Mama Salome, tunda an kwana biyu ba a gan ta a sujada ba.

Ranar Laraba Mark ya baro ofis tun azahar. Shi da Margret suka shiga ɗakin. Tukunya shida, kowace da kazarta a kai, suka ɗauka ɗaya-ɗaya suka kai bayan gida, suka jera a ƙarƙashin inuwar ɗaki, suka kifa musu zana. Ko ɗaya ba ta tashi ba. Ba su yi minti ashirin ba. Margret ta share, ta wanke daɓen da magani mai ƙarfin wari, ta kunna turare, ta warware katifar ta shimfiɗa sabon zanen gado mai furanni. Suka ɗauko tsohuwar, shi ta kafaɗa, ita ta ƙafa. Margret ta goge mata fuska, ta ɗaura mata ɗankwali.

Salome ta buɗe ido ta ga rufin ɗakinta, da ƙusar da take rataye jaka. Ta shafa ƙarfen gadon. Ta miƙe ƙafafunta sosai, abin da ba ta yi ba tun watan Yuni.

"Sun ƙyanƙyashe?"

"Ki kwanta dai, Goggo," in ji Mark.

Mata tara suka zo cikin ankonsu, da lemo da burodi da sabulu guda. Suka cika ɗakin, wasu a bakin gado, wasu a tsaye. Suka yi waƙa biyu, Liyatu ta yi addu'a mai tsawo. Da ta gama ta dubi zanen gadon, ta dubi daɓen, ta kama hannun Margret.

"'Yata, ki yafe mini. An kawo mini wata magana a kanki. Bakin mutane ba shi da kyau."

"Ba komai, Mama Liyatu. Wanda yake riƙe da tsoho dole ya ji magana."

Liyatu ta sunkuya kan gadon. "Mama Salome, yaya jiki? Suna kula da ke?"

Salome ta juya ido ta sami Mark a bakin ƙofa, hannu a bayansa. Ta dube shi. Sannan ta ce, "Yarona ne." Ta ja numfashi. "Yau na dawo ɗakina."

"Daga ina, Mama?"

Margret ta yi 'yar dariya. "Zazzaɓin ne. Tun jiya take surutu. Ɗazu ma cewa ta yi tana Duvu."

Matan suka ce ayya, Allah ya ba da sauƙi. Liyatu ta ce a daure a kai ta asibiti. Mark ya ce gobe da safe, in Allah ya yarda. Ya raka su har bakin titi.

Da ya dawo, gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa zanan da ke kan kajin. Ya dubi agogonsa. Ya dubi Margret. Suka shiga.

Salome ta yi barci, baki a buɗe, hannu ɗaya a kan ƙarfen gadon.

"Goggo. Goggo, tashi. Hadari ya taso."

Ta buɗe ido. "To, rufe ƙofa."

"Kajin suna waje. Idan ruwa ya taɓa ƙwan, duk wahalar nan ta tashi a banza. Saura kwana shida kawai."

Ta daɗe kafin ta gane. Da ta gane, yatsunta suka kama ƙarfen.

"Ka ta da su," ta ce. "Na gani. Ka ta da su, ba su bar ƙwai ba. To su kwana a rumfa."

"Rumfa tana yoyo, Goggo."

Shi da bakinsa ya faɗa. Bai ji abin da ya faɗa ba.

"Ni a ƙasa," ta ce. "Su a gado. Ba zan yi tari ba. Mark. Zan riƙe."

"Mama, kada ki ba mu wahala, ruwa zai sauko," in ji Margret. Ta fara zare sabon zanen gadon daga ƙarƙashinta.

Mark ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ba su da ƙarfi, bai sha wuya ba. Suka ɗauke ta, shi ta kafaɗa, ita ta ƙafa, suka tsallaka tsakar gida da sauri, ɗigon farko yana faɗo mata a fuska. Suka kwantar da ita a tabarmar. Sannan suka ruga suka kwaso tukwanen, Mark yana kare kowace da rigarsa.

Ba a je asibiti da safe ba, babur ya ƙi tashi saboda ruwa. Washegari kuma akwai taro a ofis. Ranar Asabar da hantsi Margret ta zo hura wuta, ta ce wa Salome ta janye ƙafa, ba ta janye ba.

An yi jana'iza mai kyau. Mutanen Duvu sun zo a mota guda. Mark ya yi kuka a bakin kabari har sai da aka riƙe shi, kuma kukan gaske ne. Duk wanda ya zo gaisuwa, idan na kusa ne wanda ya san inda ta kwana, yakan ce masa, "Kwana uku kawai ya rage ta koma ɗakinta. Kwana uku. Allah bai nufa ba." Ya faɗa sau da yawa har shi ma ya gaskata.

Zenaba ta zo gaisuwa a rana ta biyu. Ta zauna a cikin mata. Da za ta tafi ta shiga zaure neman takalminta. A bayan ƙofa, an rufa buhu a kai, ta ga ƙwarya. Ta ɗaga buhun. Sabon ƙwan zabi ne a cikin ƙaiƙayi, na ƙarshen damina, an sayo shi tun tsohuwar tana numfashi.

Babu wanda ya kai Mark gaban alƙali, don babu dokar da ya karya. Bai doke ta ba. Bai zage ta ba ko sau ɗaya, kullum Goggo yake ce mata, da ladabi. Bai hana ta tuwo ba. Haƙuri kawai ya yi ta ba ta, kwana ashirin da takwas bayan kwana ashirin da takwas, har ya ƙare ta. Irinsa suna da yawa a garin nan, suna gaishe mu a hanya muna amsawa. Duk mai tsoho a gida, kada ya gaya mini abin da yake ba shi ya ci. Ya nuna mini inda yake kwana.